Lambobin da ke jikin wilin mota: lissafin da ke ceton rai

A hutun da ya wuce na bi kawuna daga Horo Birni zuwa Sakkwato a cikin Golf ɗinsa ta haya. Kafin mu kai Boɗinga sai muka fara jin ƙaurin roba. Da muka tsaya, sai ga tayar baya ta goga jikin mota har gefenta ya fara yankewa. Tayar sabuwa ce. Laifin na wilin gwanjo ne da ya saya, mai faci ya ɗaura masa don kawai notinan sun shiga.

Ɗalibai, ku duba bayan wili, galibi za ku ga rubutu irin wannan: 6Jx15 ET45. Lamba 6 faɗin wilin ce a inci. Lamba 15 kuwa girman bakinsa ce daga gefe zuwa gefe, ita ma a inci. Dole ta yi daidai da lambar ƙarshe ta jikin taya, misali 195/65 R15.

ET fa? Taƙaitawar wata kalmar Jamusanci ce. Tana nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa mota, a milimita. Idan lambar ta yi ƙasa da abin da kamfani ya tsara, taya za ta fito waje. Da an yi lodi sai ta goga jikin mota, kuma boris ya riƙa shan wahala. Idan lambar ta yi yawa, taya za ta shige ciki, tana iya taɓa abin birki ko abin tare gargada.

Wilin asali na motar kawu ET45 ne, wanda ya saya kuwa ET20. Faɗinsu ɗaya, don haka tayar ta fito waje da milimita 25. Ko tsawon ɗan yatsa bai kai ba, amma ya kusa jawo haɗari da fasinja a ciki.

Akwai kuma awon ramukan noti. Yawancin Golf 3 4x100 ne, wato ramuka 4 a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Peugeot 406 kuwa 4x108 ce. Dukansu ramuka huɗu ne, amma wilin wannan ba ya zama a kan waccan. Wilin da aka ɗaura da ƙarfin tsiya ba ya zama daidai, notinansa na iya kwancewa ana cikin gudu.

Kuna iya gano ET da kanku. Ku kwantar da wilin da ba shi da taya, bayansa na kallon sama, ku ɗora miƙaƙƙen katako a bakinsa. Ku auna daga katakon zuwa fuskar da ke manne wa mota, a ce kun samu milimita 134. Sannan ku auna faɗin wilin gaba ɗaya, a ce 178, rabinsa 89. Ku cire 89 daga 134, saura 45.

Kun ga ashe ɗebewa da rabawar da muke yi a aji suna da aiki a gareji. Duk ranar da baba ko yaya zai sayi wili, ku roƙe shi ku raka shi. Ku kwafi lambobin tsohon wilin a takarda, ku gwada da na sabon kafin a biya kuɗi.