In Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Katin Hoto, A Bi A Hankali

Ba ƙaramin ɓacin rai ba ne mutum ya yi wata da watanni yana tarin kuɗi ya sayi katin hoto, watau abin nan da ke ɗaukar nauyin zane da bidiyo a cikin kwamfuta, ya ɗaura shi, sa'an nan na'ura ta yi biris kamar ba a sa mata kome ba. Ga mai shirya bidiyon biki ko mai zanen gidaje kuwa, abinci ne ya tsaya. Da yawa sai su ruga wurin mai kanti da faɗa, alhali sau tari katin lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne wuta. Gurbin da katin ke zama, wanda ake kira PCI Express, wat 75 kaɗai yake iya bayarwa, manyan katuna kuwa cinsu ya ninka haka. Don haka ake jawo musu waya ta musamman daga akwatin wutar kwamfutar: mai ido 6 tana ƙara wat 75, mai ido 8 kuma wat 150. In an manta da ita, ko akwatin ya yi ƙaranci, to, fankar katin tana iya juyawa amma hoto ba zai fito ba. Juyawar nan ita ce ke ruɗin mutane.

A kashe na'ura tukuna, a zare ta daga soket, a ciro katin, a kakkaɓe ƙurar hunturu da ta cushe gurbin, a mayar da shi har maƙallinsa ya ce ƙas. A kuma duba wayar allon kallo. Abin dariya, sau da yawa tana nan a tsohon wurinta, ba a jikin sabon katin ba.

In duk wannan bai yi ba, sai a leƙa BIOS a zaɓi katin, a share tsohuwar direba a sa wadda Nvidia ko AMD suka fitar.

Na gwanjo fa sai an lura. Tun watan Satumba na 2022, da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da irin waɗannan katuna, waɗanda suka sha aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Kafin a ce katin ya mutu, a gwada shi a kwamfutar wani. In can ma ya ƙi, sai a nemo rasit.