Sauri Kan Haifi Nawa: Haɗarin Ƙara Wa Injin Lantarki Gudu

Kamar yadda aka sani, daga Maraɗi zuwa Damagaram da sauran biranenmu, injin lantarki ya zama ƙashin bayan sana'o'i da dama, kama daga masu niƙa da masu casar shinkafa har zuwa masu matsar man gyaɗa da manoman rani. A 'yan shekarun nan wani akwatin sarrafa gudu, wanda wasu masu gyara ke kira inbata, ya shigo kasuwa. Da shi mutum zai danna maɓalli ya rage wa inji gudu, ko kuma ya ƙara masa fiye da yadda aka ƙera shi. To, a nan gizo ke saƙar.

Kowane inji yana da wani ɗan faranti a jikinsa inda aka rubuta iyakarsa. Wutar da ake sha a Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi da Gana mai haz 50 ce, ma'ana tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Da wannan wuta, injin da aka fi yayi yana juyi kamar sau 1,450 a minti. Wannan shi ne gudunsa na asali. Idan aka ɗaga haz zuwa 60, gudun zai haura 1,700, mai inji ya yi murna yana ganin zai sallami layin masu niƙa da wuri.

Amma kowane sauri da farashinsa. Ƙasa da haz 50, akwatin yana ƙara ƙarfin wuta tare da gudu, saboda haka ƙarfin murɗawar inji ba ya raguwa. Da zarar an kai 50, ƙarfin wutar ya ƙure a bolt 380 zuwa 400 da layi ke bayarwa. Duk gudun da aka ƙara daga nan, daga ƙarfin murɗawa ake cire shi. A haz 60 kashi ɗaya cikin shida ya tafi, a haz 100 rabi ne ya rage. Kamar jaki ne da aka ce ya yi sukuwa alhali ba a rage masa mangala ba.

Shi kuwa kaya mai nauyi ba ya yin rangwame. Injin matsar mai ko na haɗa siminti ƙarfin da yake nema bai canja ba, sai injin ya dinga jan wuta fiye da ƙima, waya ta yi zafi. Lamarin famfon ruwa da fanka ya ma fi muni, domin idan aka ƙara musu gudu da kashi 20 cikin ɗari, ƙarfin da suke buƙata yana ƙaruwa da kusan kashi 73.

Sai kuma batun zafin gari. Yawancin injuna an auna su ne a kan kada zafin wurin ya wuce digiri 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu mukan zarce haka. Masana sun daɗe da ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 a jikin waya yana raba kwanan rufinta biyu. Ga boris da ke saurin ci, ga bel da ke tsinkewa, ga dutsen wasa wuƙa da kan tarwatse ya ji wa mutane rauni idan ya wuce gudun da aka rubuta masa.

Wannan ba yana nufin an hana ƙara gudu kwata-kwata ba. A masana'antu ana yin haka ga aiki mara nauyi, kamar gogar katako ko ƙarasa sassaƙar ƙarfe, bayan an duba iyakar da kamfanin ƙera injin ya gindaya.

Saboda haka, kafin ka taɓa maɓalli, kira ƙwararren mai gyara ya auna amfiyar da injin ke ja yana cikin aiki, ya gwada da abin da ke rubuce a faranti. Idan ya riga ya kusa iyaka, babu sauran wurin ƙari. Ya kuma kulle akwatin kada yaran shago su wuce lambar da aka sa. In kuwa aiki ne ya yi yawa, gara a sayi babban inji da a riƙa kai ƙarami wurin naɗin waya, kasuwa na ci shago na rufe.