CIWON "SAI GOBE" DA YADDA AKE MAGANINSA



'Yan uwa, yau maganarmu a kan wani ciwo ne da ba a ba mutum gado saboda shi, amma shi ke sa mutane da yawa su isa asibiti a makare. Ciwon "sai gobe" ke nan, wanda malamai suke kira taswifi.

Mu ɗauki awon hawan jini. Maigida ya haura shekara 40, ya san mahaifinsa ya yi fama da shi. Awon nan bai kai minti 5 ba, har a kemis da yawa ana yi. Amma wata shida yana cewa sai an yi albashi, sai bayan sallah.

*Me ke jawo haka?*

Sau da yawa ba lalaci ba ne, tsoro ne: kar a auna a ce akwai. Duk lokacin da ka ɗage abin da kake tsoro, zuciya tana samun ɗan sauƙi nan take, sai ta saba da cewa gudu shi ne mafita. Gobe kuma nauyin ya ƙaru, ga kunyar daɗewar da aka yi.

Shi kuwa hawan jini ba ruwansa da uzurinka. Yakan yi shekaru ba wata alama, yana cin zuciya da ƙoda da idanu a hankali, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Awon da ya kai 140/90 ko ya wuce, in ya maimaitu a ranaku daban-daban, yana buƙatar ganin likita.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas bin Malik (RA) cewa Annabi (SAW) yana neman tsarin Allah daga gajiyawa da kasala. Gajiyawa ita ce ka rasa iko, kasala kuwa kana da ikon amma ka ƙi motsawa.

*To yaya za a yi?*

1. Faɗa wa kanka gaskiya: me kake tsoro? Sakamakon ne, ko kuɗin magani?

2. Sa rana da lokaci. Kar ka ce "cikin satin nan", ka ce "Talata ƙarfe 8". In sha Allahu ɗinka ta zama ta mai niyya, ba ta mai zillewa ba.

3. Yi da sassafe. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne mai tura kayansa da farkon yini, kuma ya yi arziki.

4. Fara da ƙaramin mataki. Ajiye katin asibiti da kuɗin mota tun da dare.

5. Nemi ɗan rakiya. Uwargida, ki ce ku tafi tare a auna ku duka.

*A kula:* in kasala ta daɗe tare da yawan gajiya, jiri, yawan fitsari da ƙishirwa, ko baƙin ciki marar dalili, yana iya zama ƙarancin jini, ciwon suga ko ciwon damuwa. Wannan sai an je an duba. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Abin nan da ya faɗo maka a rai yanzu, sa masa rana kafin ka ajiye waya.

Allah Ya ƙara mana lafiya mai amfani. A tura wa 'yan uwa.