Ginshiƙan rataya a Faransa ta da

Yara, kun san yadda manoma biyu kan yi gardama bisa iyakar gona. A Faransa, shekaru ɗari bakwai da suka wuce, manyan mutane sun yi irin wannan gardama, amma a kan wurin rataye masu laifi.

A zamanin nan ƙasar a rarrabe take a hannun hakimai. Kowane hakimi yana da babban gandu da ƙauyuka, talakawa suna yi masa noma, shi ne kuma alƙalinsu. Amma ikonsu ba ɗaya ba ne. Wani ƙananan laifuka kaɗai yake hukuntawa, ya ci tara. Wani kuwa yana da babbar shari'a, wato yana iya yanke hukuncin kisa.

Mai babbar shari'a yakan kafa ginshiƙai bisa tudu, kusa da hanya, a bakin iyakar ƙasarsa, a gitta musu itace. Nan ake rataye ɓarayi da masu kisan kai. Yawan ginshiƙan yana nuna girman mai su. A wasu yankuna ƙaramin hakimi biyu gare shi, na sama da shi uku ko huɗu, har zuwa takwas. Na sarki, a Monfokon kusa da birnin Pari, goma sha shida ne.

Me ya sa ake rigima a kansu? Na farko, duk matafiyin da ya hango su ya san mai ƙasar. Na biyu, dukiyar wanda aka kashe takan koma hannun hakimi. Saboda haka in wani ya kafa ginshiƙai a wurin da ake jayayya, sai maƙwabcinsa ya aiko mutane su rushe su. In kuma dogaran wani sun ƙwace mai laifi sun rataye shi, mai haƙƙi yakan kai ƙara. Wani lokaci sai a ɗinka mutum-mutumi, a cusa masa ciyawa, a miƙa masa gaban jama'a a madadin mamacin, don kowa ya shaida ikonsa.

Gawar ma tana ƙarƙashin hukunci. Sau da yawa ba a yarda a kai ta maƙabartar majami'a. A kan bar ta rataye, ko a bizne ta gindin ginshiƙan. Wannan ne babban baƙin cikin dangi. A shekarar 1315 an rataye Enguerrand de Marigny, mai kula da dukiyar sarki, a Monfokon. Sai a 1317 aka ba da izinin sauko da gawarsa, aka yi mata kabari.

A daren 4 ga watan ogusta na 1789, lokacin juyin juya hali, aka soke shari'ar hakimai. A 1981 kuma Faransa ta daina hukuncin kisa gaba ɗaya.

Tambayoyi
1. Wane hakimi ne ke da ikon kafa ginshiƙai?
2. Don me ake kafa su a bakin iyaka?
3. A garinku, wa ke raba gardamar iyakar gona?