Ƙofa Ɗaya Ko Ƙofofi Da Yawa: Matsayin Zare A Aiken Saƙo Tsakanin Kwamfutoci

Lissafin hasashen damina, irin wanda manomin Gummi ko Bukkuyum ko Anka yake jira kafin ya yi shuka, ya fi ƙarfin kwamfuta guda. Don haka akan yanka aikin kashi-kashi, a raba wa injuna masu yawa, su riƙa aika wa juna saƙo. Ƙa'idar da aka fi bi wajen wannan aike ita ce MPI, wadda ta fito a 1994. To, amma a cikin kowane kashi akan sami ƙananan ma'aikata masu gudana lokaci guda, waɗanda ake kira zare. Wane zare ke nan yake da izinin aika saƙo?

Sai a 1997, da fitowar MPI ta biyu, aka tsara amsa a matakai 4. Mataki na ɗaya, zare guda ne kawai. Na biyu, zaruruwa suna da yawa, amma babbansu kaɗai yake aike, tamkar ƙofa a tsohon tsarin sarautar ƙasar Hausa, wanda ta wurinsa dagaci yake isar da magana ga sarki. Na uku, kowa yana iya aike, amma bi da bi. Na huɗu, kowa ya aika sa'ad da ya so.

Inda gizo yake saƙar shi ne, mai tsara manhaja roƙo yake yi, ba umurni ba. Yakan kira MPI_Init_thread ya faɗi matakin da yake bukata, manhajar aiken kuma ta mayar masa da wanda za ta iya, wanda mai yiwuwa ne ya gaza abin da ya nema. In bai duba amsar ba, ya saki zaruruwa suka yi ta aike barkatai, sai aikin ya cije, ko kuwa, abin da ya fi muni, ya ƙare lafiya da sakamako na ƙarya.

Ko an sami mataki na huɗu ma akwai sauran rina a kaba. Saƙo adireshin gida yake ɗauke da shi, wato lambar kashin, ba sunan zare ba. Idan zaruruwa biyu suna jira, kowannensu na iya amshe na ɗan'uwansa, sai fa an bambanta saƙonnin da alama. Ga kuma ɓata lokaci wajen kulle da buɗewa don kada su yi karo. Wannan ne ya sa manhajoji da dama masu haɗa MPI da OpenMP suke tsayawa a mataki na biyu.