Yawan Ɓeraye Da Zuwan Cuta: Yadda Ake Hango Annoba Tun Daga Nesa

Akwai wata cuta wadda ɓerayen daji ke ɗauke da ita, likitoci suna kiranta Hantabairus. Kada a rikita ta da ciwon hanta, don sunan ya samo asali ne daga kogin Hantan na ƙasar Koriya. A zamanin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya fiye da 3,000 suka kamu da wani zazzaɓi mai taɓa ƙoda, ba wanda ya san mafarinsa. Sai a 1976 Likita Ho Wang Lee ya gano ƙwayar cutar a jikin wani ɓeran gona na wajen kogin nan.

Yadda Take Kama Mutum

Ƙwayar tana fita ne cikin fitsarin ɓera da kashinsa da miyansa. In suka bushe, aka zo aka share wurin, ƙura ta tashi, wanda ya shaƙe ta yana iya kamuwa. Saboda haka gwargwadon yawan ɓeraye kusa da mutane, gwargwadon haɗarin ke nan.

Abin Da Ya Faru A Amurka

A 1993, a inda jihohin Niyu Meziko da Arizona da Kolorado da Yuta suka haɗu, samari majiya ƙarfi suka riƙa mutuwa farat ɗaya, huhunsu ya cika da ruwa. Da masana suka bi sawu, sai suka tarar an yi shekaru ana fari, sa'an nan ruwa ya sauka da yawa. Ciyawa ta yi kyau, itatuwa suka yi 'ya'ya, ɓeraye suka sami abinci suka hayayyafa. Tsakanin 1992 da 1993 yawansu ya ninka wajen sau 10. Irin wannan ta Amurka takan kashe kimanin mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ta kama. Da aka sake samun ruwa mai yawa a 1997 da 1998, sai cutar ta sake ƙaruwa a bayansa.

A Jamus kuwa, inda cutar ta fi sauƙi, wani itacen kurmi ake dubawa, mai suna bic. In ya yi 'ya'ya da yawa bana, baɗi ɓeraye su yawaita, masu ciwo su ƙaru. Haka aka gani a 2007 da 2010 da 2012.

Amfanin Wannan Lissafi

Abin lura shi ne, tsakanin saukar ruwa da kamuwar mutane akan sami watanni masu yawa, wani lokaci har shekara. A wannan tsakani ne ake auna ruwan sama, a ɗana tarkuna a ƙirga ɓeraye, a duba hotunan tauraron ɗan adam don ganin inda ƙasa ta yi kore. Lissafin ba ya nuna gidan da cutar za ta shiga, amma yakan nuna shekara da yankin da ya kamata a yi hattara.

Aikin Hakimai

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, ƙwayarsa dabam ce, amma shi ma ɓera ke kawo shi, ya kuma fi yawa da rani. Ya kyautu malaman hakimai su riƙa rubuta yadda damina ta kasance, da kukan da dagatai ke kawowa na ɓarnar ɓeraye a gonaki da rumbuna, a sanar da ma'aikatan lafiya da wuri. A kuma gargaɗi talakawa su rufe abinci, su toshe ramuka, su daina shanya hatsi a ƙasa, su yayyafa ruwan magani kafin su share ɗakin da ya daɗe a rufe. Rigakafi ya fi magani.