Ruwa garau da safe: me ya hana bakteriyarka girma?

Duk ɗan SLT da furojet ɗinsa ya shafi cusa wa E. coli filasmid ya san irin wannan safiyar. Jiya da yamma ka tsinko ɗigo ɗaya daga faranti, ka jefa cikin ruwan LB mai antibayotik, ka sa a inkubeta, ka tafi hostel. Da safe ka zo ka tarar da ruwan garau kamar shayin da ba madara. Ga sufabaiza na jiran sakamako, ga ranar difens ta matso. Ni ma sau biyu abin na faruwa da ni kafin na gane bakin zaren.

A ƙa'ida, E. coli a digiri 37 tana ninka kanta kusan duk minti 20 zuwa 30. Cikin awa 12 zuwa 16 ruwan zai dagule har ba ka hango yatsanka ta bayan kwalbar. In bai dagule ba, akwai dalili.

Fara da ɗigon da ka tsinta. A farantin amfisilin, bakteriyar da ta karɓi filasmid tana fitar da wani sinadari mai lalata maganin da ke kewaye da ita. Sai waɗanda ba su karɓa ba su samu mafaka, su tsiro ƙanana-ƙanana a gefenta, musamman in farantin ya wuce awa 16 a inkubeta. Ka ɗauki ɗaya daga cikin 'yan rakiyar nan, sabon amfisilin ba zai bar ta ta tsiro ba. Ka riƙa zaɓen babban ɗigo da ke zaune shi kaɗai. Farantin da ya yi makonni a firij kuwa, yawancin ƙwayoyinsa sun mutu. Haka in ka ƙona wayar ɗiba ba ka jira ta huce ba, kai da kanka ka soya su.

Sai maganin. Duba taswirar filasmid ɗinka: amfisilin yake jurewa ko kanamaisin? Ana yawan sa maikurogiram 100 na amfisilin a kowace mililita, kanamaisin kuma 50. Kuskuren sifili ɗaya a lissafi ya isa ya ɓata maka dare.

Na uku, iska. Kada ruwan ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kwalbar, kada ka ɗaure murfi tamau, kuma injin girgiza ya riƙa juyi 200 zuwa 250 a minti.

Na huɗu, wutar NEPA. In an ɗauke da tsakar dare ba a tayar da janareto ba, zafi ya sauka, girgiza ta tsaya. Tambayi mai kula da lab kafin ka zargi kanka.

Wani lokaci kuma ƙwayar halittar da ka cusa ce guba ga bakteriyar. Nan sai a rage zafi zuwa digiri 30, a ƙara mata lokaci.

To, ta yaya za ka gane wanne ne naka? Da kwalba uku a dare ɗaya. Ta farko LB da ɗigo, ba magani. Ta biyu LB da magani da ɗigon nan dai. Ta uku LB zalla. In ta farko ta dagule ta biyu ta ƙi, ko ba filasmid ko maganin ne ba daidai ba. In duka biyun sun ƙi, duba inkubeta, ruwan LB, ko shekarun farantin. In ta uku ta dagule, wani baƙo ya shiga, sai ka sake dafa ruwanka.

Don Allah ka rubuta komai a littafin lab: lokaci, zafi, adadin magani, da ranar farantin. Ranar da sufabaiza ya ce "me ya faru?", littafin ne zai ba shi amsa.